Muryoyin da Na Goge a Keita

Assalamu alaikum, ƙannena. Da ku nake, ku samarin da kuka iya taɓa kwamfuta har kuka fara kallon duk wanda bai iya ba kamar jaki. Ba zan faɗi sunana ba. Ba kunya ce ta hana ni ba, kunya ta ƙare tun ranar da aka ratsa da ni tsakiyar tashar Buza da ankwa a hannu. Dangina nake karewa, don su ba su cuci kowa ba. Raina a ɓace nake rubutun nan. Ba zan sassauta wa kaina ba, ku ma ba zan sassauta muku ba.

A wani ƙauye na ƙasar Sabon Gida aka haife ni. Ubana ya tafi ci-rani bai dawo ba, uwata ta rasu tun ban yi wayo ba, sai kakata Tsahara ta rene ni. Manoma ne mu, gero da dawa da wake. Kakannin kakata azna ne, masu tsafi. Ita ba ta wasa da salla, amma waƙoƙin mutanen dā suna nan cikin kanta, na niƙa da na shuka da na roƙon ruwa. In ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta ɗaga murya, maƙwabta kan rage surutu. Kullum cikin tsokanata take, irin ta kaka da jika.

"Kai, mijin banza," takan ce, "mata na cin nama gidan mazansu, ni ko sai kallon manyan kunnuwanka."

Ni kuma in ce na sake ta, ta tsufa, sabuwa zan auro daga Madawa. Ba mu da komai, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba a taɓa kawo ƙarata a kan ko ƙwai ɗaya ba.

Wanda ya koya mini karatu a lakwal, makarantar boko, shi ne Mushe Ibro, mutumin Keita; Mushe muke ce wa malamin boko a wajenmu. Dogo ne, mai faɗa, amma shi ya riƙa saya mini alƙalami in nawa ya ƙare. Shi ya ce wa kakata kaina yana da kyau, kada ta bari a cire ni a kai ni kiwo. Ku riƙe sunan nan. Shi ne mutumin da na fi cuta a duniya.

Ban ci jarrabawar ƙarshen kolej ba. Na sauko Madawa neman abin yi, na samu shiga wani siber kusa da tasha, inda mutane ke zuwa buga takardu da gyaran kwamfuta. Mai wurin, Hashiru, shi ya koya mini aikin. Da shara na fara, ban daɗe ba na iya buɗe inji in mayar da shi. Daga nan ya nuna mini abin da muke kira imaj.

Bari in bayyana shi don wanda bai sani ba. Imaj shi ne a ɗauki faifai da duk abin da ke cikinsa a dunƙule wuri ɗaya, kamar an ɗure kaya a buhu, a ajiye a kan kile, ɗan abin nan da ake sokawa a gefen kwamfuta. Iri biyu muke aiki da su. Akwai ƙarami, na abin aiki guda, kamar na rubutu ko na gyaran hoto. Ka buɗe shi, kwamfuta ta ɗauka faifai aka saka mata, ka girka abin, shi ke nan, kayan mai ita ba abin da ya taɓa su. Akwai kuma babba, wanda ake zubawa a kan rumbun kwamfuta ɗungurungum don a sabunta ta. Shi wannan ba ya tambaya. Hoto ne, takarda ce, murya ce, duk abin da ya tarar sai ya hau kai ya danne, kamar ruwan kwari ya bi ta gona.

Aikin halal ne, da na tsaya a kansa da ya ci da ni. Amma Hashiru yana da wata magana da yake maimaita mini: "Mutanen ga ba su san komi ba. Rashin saninsu shi na abincinmu." Ni kuma na haɗiye ta.

Da ƙarami na fara. In girka wa mutum abin aikin da muka kwaso na sata, in ce masa na asali ne, ya biya kuɗin na asali. Sai kile na jabu, wanda ke nuna yana da babban ciki alhali ba ya riƙe komai. Ka zuba masa kaya ka ga sunayensu reras, ranar da ka buɗe ka tarar da wayam. Na sayar da su ba adadi. Ba wanda ya kama ni, sai na ce a raina ashe ba laifi ba ne.

Daga nan na hau babbar sana'ar. Mutum ya kawo kwamfuta don a girka masa ɗan abu guda. In ɓata fuska, in girgiza kai, in ce birus, ƙwayar cutar kwamfuta, ya shige ta, dole a wanke ta gaba ɗaya. Kafin in zuba babban imaj, sai in kwashe dosiyoyinsa, wato ma'ajiyoyin kayansa na cikin injin, a ɓoye in mayar cikin wani rumbu nawa na waje da nake yawo da shi a jaka. In an gama in ce masa, ayya, birus ya cinye kayanka, amma akwai wani inji na musamman da zai iya tono su, sai dai da tsada. In bar shi ya yi kwanaki yana zulumi. In ya biya, in mayar masa da kayansa, ya rungume ni yana sa mini albarka. Ku duba fa. Na sace abin mutum, na sayar masa, ya yi mini addu'a. Akwai ƙazantar da ta fi wannan?

Doka ɗaya Hashiru ya kafa mini a wannan aiki. "Ka zare rumbunka kahin ka zuba imaj. Ko gobara ta tashi, zare shi tukuna." Dalili kuwa, allon da ake zaɓar inda za a zuba ba ya nuna suna, lamba da girma kawai yake nunawa.

Na bar Hashiru, na sayi moto, wato babur, na riƙa bin ranakun kasuwa, yau Madawa, gobe Buza, jibi Keita. A fadarmu ta shan shayi suna kirana Likitan Ordinater, wato likitan kwamfuta. Sun san abin da nake yi sarai. In na ba su labarin wanda na wanke, su bushe da dariya, a ce kai shege ne, a miƙo mini kofin farko. Har yau in na tuna fuskokinsu zuciyata tafasa take. Ko ɗaya bai taɓa ce mini ka ji tsoron Allah ba. Kuma ko ɗaya bai taka ƙofar gidan kaso ya dubo ni ba.

Wata babbar salla na je gida na kai wa kakata turmin atamfa. Ta juya shi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wane irin aiki na wanga da mutum ke ƙiba ba gumi?"

Na ce aikin ilimi ne, ba za ta gane ba.

"Awo, ban ganewa. To, ni ma na shiga ilimin. Mushenku ya zo da wani ɗan akwati ya ɗebi muryata, tun hantsi har azahar ina yi mai waƙa. Yanzu ko na mutu ina nan cikin akwati ina zaginka."

Na yi dariya. Wayata na ƙara, na fita amsawa, ban koma kan zancen ba.

Abin da Mushe Ibro yake yi ke nan tun da ya ajiye aiki ya koma Keita. Da tsohon motonsa yake bin ƙauyukan ƙasar Adar, ya zauna gaban tsofaffi ya ɗauki muryoyinsu: yadda aka kafa gari, wa ya haƙa rijiya, waƙoƙin noma, kirarin maharba, abubuwan da ba a rubuta ko'ina ba. In katin ɗan akwatin ya cika, sai ya juye a kwamfutar da ɗansa ya aiko masa daga ci-rani, ya share katin ya sake fita. Shekaru ya yi yana wannan. Ya taɓa biyowa ta Madawa ya ce in sayar masa da kile mai kyau don ya ajiye kwafi na biyu, saboda tsaro. Na ɗauko na jabu na ba shi. Malamina. Har ragi na ce na yi masa.

Ranar wata kasuwar Keita ya aiko a kira ni gidansa. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, matarsa ta kawo fura.

"Ɗana, abu guda nika so," ya ce. "Ka sa min abin yankan murya, in gyara su, in cire tari da kukan awaki. So nike yaran lakwal su ji kakanninsu."

Abin da ya nema yana kan kilena, ƙaramin imaj ne, kafin furar ta ƙare da na gama. Na buɗe kwamfutar na ga dosiyoyi jere, kowane da sunan ƙauye. Na ga sunan ƙauyenmu da idona. Ban buɗe ba. Wallahi ko kakata ban tuna ba. Abin da ya zo mini shi ne, wannan tsohon zai iya sayar da awakinsa duka a kan waɗannan.

Na ɓata fuska, na girgiza kai.

"Mushe, injin ga ya kamu. Birus ya shige shi, sai an wanke."

"Muryoyin hwa?"

"Zan yi iya ƙoƙarina."

"Kai ka sani, ɗana. In ka gama akwai abin da na aje maka ciki."

Ya tashi ya shiga gida yin alwala. Na soka rumbuna na kwashe komai. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara. Lawali ne, wani mai hoto na Buza, wanda na riƙe masa hotunan bukukuwan mutane a cikin wannan rumbun, ina jan sa don ya ƙara kuɗi. Yana ihu, dangin amare sun hana shi sakat. Ni ma na hau shi da faɗa, waya a kunne, hannu ɗaya a kan inji. Na tayar da kwamfutar daga kile. Allon ya nuna rumbu biyu, girmansu ɗaya. Ban zare nawa ba. Na danna na sama.

Da ya gama na kunna kwamfutar, sai na ga tana nan yadda take, ba abin da ya canza. Wanda ke da hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa, to ina imaj ɗin ya zuba? Ni tsaki na yi, na ce bai kama ba ne. Na sake tayarwa, na danna na ƙasa.

Mushe ya dawo na ba shi labarin da na saba bayarwa. Ya shiga ɗaki ya fito da kilen da na sayar masa, a naɗe cikin ƙyalle kamar laya.

"Alhamdu lillahi da ka ba ni wanga," ya ce.

Na soka. Sunaye suka fito reras. Ya ce in buɗe ɗaya, na buɗe, shiru. Na biyu, shiru. Na ce birus ya kama shi shi ma. Mutumin nan dogo ya sulale ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

"Da yawansu sun rasu," ya ce. "Ba inda zan koma in same su."

Na dafa kafaɗarsa, na ce ya kwantar da hankali, akwai inji a Madawa da zai tono su. Na hau motona ina murmushi.

Washegari da safe na soka rumbuna a ɗakina don in duba kayan da na kamo. Ba muryoyi. Ba hotunan Lawali. Ba takardun sauran mutanen da nake riƙe wa. Imaj ɗina ne zaune a kai, sabo fil. Na zuba a kan nawa, na zuba a kan nasa.

To, ku saurara da kyau, don nan ne laifin yake. Abin da ya faru a zauren kuskure ne a cikin sata. Abin da na yi bayansa, da gangan na yi. Na san cewa imaj ba ya danne rumbu duka, bakinsa kawai yake rufewa. In aka kashe inji aka kai wa wanda ya fi ni sani, mafi yawan kayan za su fito. Abin da ake bukata kawai shi ne kada a zuba wani sabon abu a kai, kuma in buɗe baki in ce ga abin da na yi. Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani.

Ban faɗa ba. Na wanke rumbuna na cika shi da finafinan da nake tura wa mutane a waya, don kada a ga alamar kayan kowa a wurina. Kasuwa ta zagayo na koma Keita, na ce wa Mushe aiki yana tafiya, sai dai injin yana cin kuɗi. Ya sayar da ragon da yake turke ya ba ni. Na karɓa da hannu biyu. Sai ya ce ɗansa ya yi waya, ya ce a kai kwamfutar garin Tawa wurin wani masani, ko za a dace.

In masanin ya tono kayan, zai ga ba birus ko ɗaya, zai ga hannun mutum ne. Na ce, "Madalla, Mushe. Amma kahin nan bari in sa muku abin ɗebe kewa." Na zauna a zaurensa, ina shan furar matarsa, na ɗura wa kwamfutar wa'azi da kokowa da finafinai har ta ce ba wuri. Ina kallon layin yana cika, na san kowane fim yana hawa kan muryar wani tsoho yana murƙushe ta. Mushe ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ba ka manta da malaminka ba."

Hannun da ya yi wannan, shi nake rubutu da shi yanzu. Akwai ranakun da nake ƙyamar cin tuwo da shi.

Lawali mai hoto ne ya kawo ƙarshena. Ya gaji da gobe da jibi, mutane sun fara ce masa ɓarawo a garinsu. Ranar kasuwar Buza ina sauka daga moto ya ci kwalata.

"Hotunan ɗiyan mutane, yau ko gawarka!"

Na fara zancen birus, ya ɗauke ni da mari. Jandarmomi suka zo. Da labari ya bazu, sai masu ƙara suka yi ta fitowa: sakataren ƙungiyar manoman albasa, wata ungozoma, ɗalibai, duk waɗanda na taɓa wankewa. Aka kira Hashiru, ya ce ni yaron shara ne kawai, ya kore ni tuntuni saboda halin ɓera. Ƴan fadarmu kuwa, a ranar suka raba kayan shayina.

A gaban alƙali a Madawa aka kawo masanin nan na Tawa. Ya duba kwamfutar Mushe da rumbuna. Ya ce da an bar su yadda suke, da mafi yawan kayan sun dawo, amma an bi an cika su da gangan, ba abin da ya rage sai gutsattsarin da ba su da amfani. Alƙali ya tambayi Mushe Ibro me yake nema a biya shi. Ya miƙe, bai dube ni ba.

"Abin da nika so, kotu ba ta da shi."

Ya zauna. Aka yanke mini hukunci.

Ba zan ba ku dogon labarin gidan kaso ba. Zafi, cunkoso, ƙaiƙayi, wari, da tuwon da ko akuya za ta yi wa tsaki. Duk wannan jiki yake ci, jiki kuwa yana sabawa. Da farko kowa nake zagi a raina: Hashiru, Lawali, wayar da ta yi ƙara, masu ƙera allon da ba ya nuna suna. Na daɗe kafin in yarda cewa ba wayar ce ta ce wa malamina injinsa ya kamu ba.

Kakata ba ta iya tafiya mai nisa, sai ta riƙa aiko mini da ƙuli-ƙuli da garin yaji ta hannun wani kawuna. Saƙonta ɗaya ne kullum: a gaya wa mijin banza tana jiransa, ba ta sake aure ba. Damina ta biyu kawun ya zo hannu wofi. Tun daga tsayuwarsa na gane. Ya ce zazzaɓi ne, an rufe ta tun kwanaki. Ban wanke ta ba, ban ɗauki makararta ba, ban zuba mata ƙasa ba.

A ranar ne maganarta ta dawo mini: ko na mutu ina nan cikin akwati. Na tuna dosiyen da ke da sunan ƙauyenmu. Na yi ta buga kaina a bango sai da ƴan ɗakinmu suka danne ni.

Da aka sake ni ban nufi gida ba, Keita na nufa. Na tarar da Mushe a zauren nan, ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Ɗan akwatinsa na gefensa. Ashe ya sake farawa, yana bin ƴan tsofaffin da suka rage. Na yi sallama, ya amsa, don sallama ba a ƙin amsa ta. Na durƙusa na ce na zo neman gafara.

"Gafarar mi? Ragon?"

Na ce duka.

"Rago na yahe. Wahalata ta shekaru, ita ma na yahe, don ina son Allah shi yahe min. Wannan nawa na. Nasu kuwa, ka bi maƙabartun Adar ɗaya ɗaya ka roƙe su. Ni ba wakilinsu ba ne."

Sai na ce, "Mushe, ranar nan kun ce akwai abin da kunka aje min ciki."

Ya ɗago ya dube ni.

"Da tsohuwarka ta gama waƙa, sai ta ce in bar mata akwatin in hita. Ta ce tana da magana da mijinta, ba ta son kishiya ta ji. Na koma gindin iccen bedi na zauna. Ta daɗe tana magana. Na ji ta yi dariya, daga baya na ji kamar tana kuka. Ta ce in ba ka in ka yi hankali, ko in ta mutu, duk wanda ya riga."

"Mi ta ce?"

"Amana ta ba ni. Ban saurara ba."

Na ce ko kalma ɗaya bai tsinta ba? Ya daka mini tsawa irin ta aji, ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai buɗe abin da ba nasa ba.

Sai ya jawo ɗan akwatin ya danna, ya ajiye a gabana.

"Kai ka girma gindin dutsen niƙanta. Yi min waƙarta. Ko ita a samu."

Na buɗe baki. Farkon ya zo, inda take kiran gero da sunan ango. Na kai inda take jero sunayen iyayenta mata, na faɗi na farko, na biyu ya ɓace. Na koma farko, na sake tsayawa a wurin. Waƙar da na ji kowace safiya ta ƙuruciyata. Kaina cike yake da lambobin sata na girka kayan aiki, har yau zan iya karanto muku su ba tuntuɓe, amma sunan kakar kakata babu. Mushe ya jira, ya jira, sa'an nan ya kashe akwatin.

"Tashi ka tahi," ya ce. "In ta dawo maka, ka san gidan."

Ba ta dawo ba har yau.

Yanzu a garaken albasa, lambunan rani, nake aiki a kwarin Madawa, ina ban ruwa ana biyana. Na tuba ga Allah, kuma na bi waɗanda na cuta gida gida. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa, kuma daidai suka yi. Jefi-jefi wani kan kawo mini kwamfuta. In ƙaramin abu ya nema, ƙaramin nake girka masa. In dole sai an wanke, a gabansa nake kwashe kayansa, ya buɗe su ɗaya ɗaya ya gani da idonsa, ya zare rumbun da hannunsa ya sa a aljihu, sa'an nan in zuba.

Ku kuma, ƙannena, ina ganinku a tasha da bakin kasuwa da kile rataye a wuya, kuna yi wa tsofaffi dariya don ba su san inda ake dannawa ba. Ina jin irin ƙaryar da kuke yi, don ni na riga ku yin ta. Ku bari. Wanda ya miƙo muku injinsa ba ƙarfe ya miƙo muku ba, ba ku san abin da ke ciki ba, shi ma wani lokaci bai san darajarsa ba sai ya rasa. Kada ku sayar da na jabu ku ce na asali ne. Kada ku ƙirƙiro ciwon da babu. Masu yi muku kirari a fada ba za su bi ku kotu ba. In kuwa kun yi ɓarna, ku cire hannu daga injin, ku faɗa a ranar, ko za a mare ku. Da na faɗa tun safiyar da na gano ɓarnar, mari zan sha, in ya yi yawa kaso, kuma kason ai na shiga duk da haka. Amma da yau ina da muryarta.

Na yi zaman da alƙali ya yanke mini, na gama. Wanda bai yanke ba shi ne wannan: kullum in na ji mace tana niƙa, sai in tsaya ina tambayar kaina, me tsohuwar nan ta faɗa mini da ya sa ta dariya, me kuma ya sa ta kuka? Mutum biyu ne za su iya sani. Ɗaya yana da amana, bai saurara ba. Ɗayan ni ne, na ɗora mata fim a kai.

Allah ya jiƙan Tsahara da sauran tsofaffin Adar da na rufe wa baki. Ku kuma Allah ya tsare hannuwanku daga abin da nawa ya aikata.